Rabin Shafin da Ya Ci Mini Shekara

Mafoni, Maiduguri.

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah Ya tsare ki a baƙon gari, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masauki.

Na san sai kin kwance akwati za ki gan ta, domin a ƙarƙashin kwalbar turaren wuta na cusa ta. Da Hausa na rubuta, don Kanuri a baki na iya shi, da na ɗauki biro sai ya guje mini. Turanci kuwa in na fara, kin sani, sai in rikiɗe in koma malamar aji, ni kuma yau ba malamarki ce ke magana ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Wata magana ce na riƙe tun ranar da kika miƙo mini kundin digirinki na farko, kika tsaya kina leƙen fuskata. Na buɗe na karanta tsakuren, wato wannan rabin shafin da ake sawa a gaba don a gaya wa mai karatu abin da ke cikin aikin gaba ɗaya. Na ce miki madalla, kuma har zuciyata na faɗa. Amma akwai saura. Gida cike yake da masu zuwa sallama, ban so in yi miki gyara a gaban goggonninki ba.

Ga sauran. Na karanta rabin shafin nan har ƙarshe, ban san ko toka ce ke kare wake daga ƙwari ko barkono ba, alhali a kan haka kika yi ta wahala, ɗakinki ya cika da tukwane har ba wurin shimfiɗa sallaya. Sai da na yi ta juya shafi har can wajen ƙarshe kafin na ga cewa waken da kika gauraya da tankaɗaɗɗiyar toka ya kai bayan damina lafiya lau, na barkono kuwa bai daɗe ba ya fara hujewa. Yagana, wannan fa magana ce da duk macen da ke ajiye wake za ta tsaya ta saurara. Kika ɗauke ta kika binne. Da na gani sai dariya ta kama ni ni kaɗai, domin hannuna na gani a cikin naki. Yanzu da za ki yi digiri na biyu a inda ba wanda ya san ki, ya kamata ki ji abin da irin wannan rabin shafi ya taɓa yi mini.

Lokacin kina ƙarama, kina cikin famfara, ina koyar da aji uku a wata firamare ta wajen Bulabulin. Ajin nan ba irin yaran da babu. Ga 'ya'yan Kanuri, ga na Shuwa, ga Babur da Margi waɗanda iyayensu suka zo aiki, a waje kuma duk Hausa ke haɗa su. Dokar makarantar ita ce daga aji uku ba a jin komai a aji sai Turanci. Yaron da bakinsa ya suɓuce ya yi yaren gida, akwai wani guntun katako mai igiya da ake rataya masa a wuya, ya yini da shi har sai ya kama wani. Don haka yara da yawa suka gano cewa hanyar tsira ita ce su yi shiru. Mu kuma malamai muka sa musu suna daƙiƙai.

Akwai wata yarinya Bintu, siririya, mai wushirya. In an fita tara za ki ga yara sun kewaye ta a gindin darbejiya tana ba su labari, tana kwaikwayon muryar kowa, har da tawa. Da an kaɗa ƙararrawa an koma aji, sai ta zama kamar an ɗinke mata baki. Ita ce ta fara sa ni shakkar wannan suna da muke kiran su.

A shekarun nan ne na samu shiga jami'a, tana sabuwa, ni da aurena da 'ya'yana. Babanki ne ke kai ni a bayan Vesfarsa kafin ya wuce ofis. Da aka zo shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi bincike, ban je da nisa ba, ajina na koma. Hedimasta ya ba ni izini bisa sharaɗin kada sauran malamai su ji. Na riƙa koyar da darasi iri ɗaya a ajujuwa biyu, duka 'yan aji uku. A ɗaya Turanci zalla kamar yadda aka saba. A ɗayan kuwa sai in fara da ɗan bayani da Hausa ko Kanuri, in bar su su yi tambaya da harshen da ya zo musu, sannan mu koma Turanci. Kafin zangon karatu ya ƙare, ajin na biyu ya cika da hayaniyar tambaya. Abin da ya fi ba ni mamaki, Turancin ma da ake tsoron zai lalace, a can ya fi ƙaruwa. Ranar da Bintu ta ɗaga hannu da kanta ta karanta jimla a allo, sai da na juya baya na yi kamar ina neman alli.

Ana cikin haka aka aiko da sanarwa cewa za a yi taron hedimastoci da sufetocin makarantu, kuma duk malamin da ya yi bincike ya aiko da tsakurensa, kada ya wuce rabin shafi. Daga ciki za a zaɓi waɗanda za su yi jawabi. Kin ga ke nan, in aka zaɓe ni, zan tsaya a gaban mutanen da ke da ikon cire katakon nan daga wuyan yara. Malamar da ke duba aikina, Dakta Rahila, mutuniyar wajen Biu, ta tafi gida haihuwa a lokacin. Sai na ce ai rabin shafi ba abin da zai gagare ni ba ne.

Ni da babanki muka zauna ranar wata Asabar da hantsi, ya ajiye tafiretar da ya aro daga wurin aiki a kan tabarma. Kin san shi akawu ne, ya saba da takardun da sai an yi layi huɗu ana durƙusawa kafin a faɗi buƙata. Na fara da Daular Borno da daɗewar ilmi a cikinta. Ya ce, "Madalla, amma ba ki ambaci zuwan boko ba." Na sa. Ya ce, "Manya ne za su karanta, Malama. Ba a faɗa wa manya magana gatsau." Muka ƙara muhimmancin ilmi ga ci gaban ƙasa, muka gode wa hukuma. Ya zaro wasu kalmomin Turanci masu nauyi waɗanda ni kaina sai da na duba ƙamus. Kafin mu iso kan yaran, wuri ya ƙare. Sai muka rufe da cewa an tattauna sakamakon binciken a babi na biyar. Ya zare takardar ya ɗaga ta sama yana kallo, ya ce ko gwamna aka kai wa wannan ba za a ji kunya ba.

Ba a zaɓe ni ba. Ko amsa ba a aiko ba, a bakin wata malama na ji an yi taro an watse. Binciken ya ƙare, izinin hedimasta ya ƙare da shi, ajina ya koma ƙarƙashin doka. A ƙarshen shekara Bintu ta faɗi jarrabawa aka ce ta maimaita aji. Mahaifinta ya ce tunda boko bai karɓe ta ba, ta bi goggonta Dikwa ta taya ta aiki. Ban sake ganinta ba. Ba zan ce miki rabin shafina ne zai riƙe ta a makaranta ba, wannan Allah ne Ya sani. Abin da na sani shi ne ina da maganar da za ta iya taimakon irinta, aka ba ni ƙofa, na tsaya a bakin ƙofar ina gaisuwa har aka rufe.

To, 'yata, ki riƙe wannan. Mu mutanen garin nan mun iya gaisuwa, muna wushe-wushe, wato sannu-sannunmu ta Kanuri, har rana ta take, kuma ina alfahari da haka. Amma mai karanta tsakure ba baƙonki ba ne da ya zauna a zaure yana jiran a kawo shayi. Mutum ne da tulin takardu a gabansa, yana neman dalilin da zai ajiye taki ya ɗauki ta gaba. Jimla ɗaya ko biyu sun isa ki gaya masa matsalar: ƙwari na cinye waken da mata suka ajiye, maganin kanti kuma ba kowa ke samu ba. Shi ke nan, ki wuce. Tarihin noma a Afirka yana da wurinsa a babi na ɗaya, ba wanda zai ƙwace masa.

Da Dakta Rahila ta dawo, na kai mata kofen abin da na aika, ina jiran ta taya ni jin haushin kwamiti. Ta karanta, ta cire tabarau ta ajiye, ta ɗora hannu a kan kundina ta rufe shi.

Ta ce, "Malama Kaltum, me kika gano?"

Na ce, "Dakta, ai yana babi na biyar."

Ta ce, "Ba ni da babi na biyar. Ɗauka a tasha muka haɗu, motata ta cika, direba yana ta hon. Me kika gano?"

Na ce, "Yaran da muke cewa daƙiƙai ba daƙiƙai ba ne. In aka fara musu da harshen da suke ji, suna ganewa, har Turancinsu ma ya fi kyau."

Ta ce, "A ina kika gani? Su wa kika gwada? Ta yaya?"

Ina ba ta amsa tana rubutawa a bayan takardar tawa. Ta ce, "To sai me? Wa zai yi me da wannan?" Na ce a sassauta dokar a ƙananan ajujuwa. Ta rubuta, ta juyo mini da takardar. 'Yan layuka ne, ba kalma ɗaya da ba daga bakina ta fito ba, kuma duk aikina yana ciki.

Ta ce, "Kin iya faɗa. Me ya hana ki rubutawa?"

Na ce mata gaskiya nauyi nake ji. Yaya zan buɗe baki a gaban sufetoci, wasu sun haife ni, in ce na gano abin da ba su gano ba? An rene mu a kan mace ba ta yabon girkinta.

Ta yi dariya ta ce, "Mu ma haka aka rene mu, 'yar'uwa. Ke ki sunkuyar da kanki in kin ga dama. Amma kada ki sunkuyar da kan aikin, ba naki ba ne ke kaɗai, na yaran ne."

Wannan magana na kawo miki, Yagana, domin na san daga inda kika gaji ɓoye tokarki. Ni na koya miki sauke murya a gaban manya, ban kuma yi da-na-sani ba. Amma faɗin abin da kika gano ba rashin kunya ba ne. In kin rubuta "an tattauna sakamakon", ko "an ba da shawarwari", ki sani ba ki faɗi komai ba. Wane sakamako? Wace shawara? Sakamakon nan shi ya kamata ya ci wuri mafi girma a rabin shafin, don saboda shi aka zo.

Kada ki ɗauka daga nan na shiryu. Da shekara ta zagayo aka sake kiran taron, na riga na karɓi digirina, na koma aji, kaina kuma ya ɗan yi girma. Na ɗauko 'yan layukan Dakta Rahila na ga kamar sun yi rama. Ban koma wurinta ba, na zauna na yi musu ƙari. Inda aka ce "a wata firamare a Maiduguri", na mai da shi "a makarantun ƙasar nan". Inda aka ce "an ga alamar", na sa "an tabbatar". Na kuma ƙara cewa binciken ya duba ra'ayin iyaye, domin da farko na yi niyyar yin haka, lokaci ne ya ƙure ban yi ba, na ga kuma jimlar ta yi kyau a wurin.

Wannan karon an zaɓe ni. Na sha lalle, na ɗaura lafayata mai ruwan zuma, babanki ya kai ni har ƙofar zauren taro. Na yi jawabina lafiya. Da aka zo tambayoyi, wani dattijon sufeto mai farin gemu ya miƙe da takardata a hannu.

Ya ce, "Malama, sannu da ƙoƙari. Na ga kin ce makarantun ƙasar nan. Kin je Sakkwato?"

Na ce ban je ba.

"Kalaba fa?"

Na ce a'a, ranka ya daɗe.

"To makaranta nawa kika gwada?"

Na ce tamu ce kawai. Zaure ya ɗauki dariya. Bai yi dariyar ba shi, ya jira aka lafa, ya ce, "Iyayen kuma da kika ce kin ji ra'ayinsu, me suka ce?"

Yagana, na ɗaga kai na dubi zauren. Na hango waɗanda dama ba sa son a taɓa dokar suna gyara zama. Abin da na gano gaskiya ne, amma na naɗe shi da abin da ba gaskiya ba, yanzu ana shirin zubar da su tare. Na riƙe bakin tebur na ce, "Ranka ya daɗe, na zarce a rubutu. Ban tambayi iyaye ba, ban kuma fita garin nan ba. A yi mini izini in faɗi abin da idona ya gani a ajujuwa biyu, ba ƙari." Ya ce bismilla. Na faɗa musu yadda na faɗa wa Dakta Rahila, ba ado.

Na gama na zauna. Sai wata hedimistires daga wata makarantar wajen Shehuri, wadda ban taɓa sani ba, ta ce, "In makaranta ɗaya ta yi kaɗan, ga tawa, a gwada a zama biyu." Wani ma ya ce a sa da tasa. Dattijon nan da kansa ya ce a rubuta a ba ƙananan ajujuwan makarantun nan izinin gwaji. Ba a canza dokar ƙasa ba, ba a ma canza ta gari ba. Amma a makarantarmu an daina rataya katako, na kuma ga ranar da mai gadi ya sa shi a murhun shayinsa.

Saura ƙiris in rasa wannan saboda kalmomin da ba su kai cikin cokali ba. Don haka ki auna bakinki da girman aikinki. In a tukwanen ɗakinki kika gwada, ki ce a tukwane, kada ki ce a rumbunan Arewa. Ƙaramin abu da yake tsaye da ƙafarsa ba wanda zai iya ture shi. Kuma ko da yake tsakure ne ke zama a gaba, shi za ki rubuta a ƙarshe, bayan aiki ya kammala. In kin rubuta, ki bi shi jimla-jimla kina tambayar kanki, wannan a wane shafi yake a ciki? Wadda ba ki samo mata shafi ba, ki soke ta ko da ta fi sauran kyau.

In kin rasa ta inda za ki fara, ki bi yadda Dakta ta bi da ni. Mece ce matsalar, me kika tashi sani, me kika yi don ki sani, me kika samu, sannan wa zai amfana. Haka hankalin mutum ke tambaya in ana ba shi labari, in kika tsallake ɗaya zai tsaya a nan yana jiranki. In kin gama, kada ki kai wa 'yan ajinku, su sun riga sun san wake. Ki nemi wata a ɗakin kwananku mai karanta shari'a ko lissafi, ki ba ta ta karanta sau ɗaya, ki karɓe takardar ki ce ta gaya miki abin da kika gano. In ta faɗa daidai, kin gama. In ta fara kame-kame, ba laifinta ba ne.

Malamin da za a ba ki kuma, in ya cika miki shafi da jan biro, ki yi kukanki in ya zo, ki wanke fuska ki koma ki tambaye shi dalili. Wanda bai damu da ke ba shi ne zai ce ya yi kyau bai karanta ba.

Babanki yana nan gefe yana gyaran rediyo, ya tambaye ni me nake ta rubutawa haka. Na gaya masa. Ya ce in faɗa miki har gobe yana nan a kan bakansa, takardar farko ta fi daɗin karatu, kwamitin ne ba su san Turanci ba. Ya ce kuma ki riƙa cin abinci.

Abu na ƙarshe. Duk wannan da na ce, na baƙi ne, masu sauri, waɗanda ba su san ki ba. Ni kada ki kuskura ki aiko mini da rabin shafi. In za ki rubuto gida, ki fara tun daga tasha. Ki gaya mini wa ya zauna kusa da ke a mota, yaya ɗakin yake, tagar tana kallon ina, ruwan garin yana karɓar cikinki ko ba ya karɓa, wa ya yi miki magana mai daɗi, wa ya ɓata miki rai. Ki yi ta zagaye, ki maimaita, ki manta ki dawo. Ba na sauri, ba kuma wata takarda a gabana sai taki.

Allah Ya tsare mini ke a zaune da tafe. Ya buɗa miki ƙirji, Ya sa albarka a karatunki, Ya kare ki daga ciwo da mugun abokin zama. Yadda kika fita gidan nan da ƙafarki lafiya, Allah Ya dawo da ke cikinsa lafiya, muna raye. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Ya Kaltum